Kafintan da Ba Ya Buga wa Murfi Ƙusa

A layinsu babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Sai-an-tashi ake ce masa, yara da manya, har fasto ma idan bakinsa ya suɓuce haka yake kiransa a gaban jama'a. Asalin sunan ba shi da nisa. Kafinta ne mai yin akwatin gawa, kuma duk akwatin da zai bar shagonsa sai ya raka shi har bakin mota, ya bubbuga gefensa da tafin hannu, ya ce, "To, sai an tashi." Yadda kake ce wa maƙwabcinka sai anjima, haka yake faɗar maganar, ko fuska ba ya ɓatawa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga sanƙo, ga fensir a bayan kunne wanda har coci yake zuwa da shi saboda mantuwa. Wanda bai san shi ba zai zaci mai irin wannan sana'a sai ɗaure fuska da magana ƙasa-ƙasa. Ina! Tun daga bakin layi za ka jiyo shi yana jan zarto yana waƙa, muryar kuwa ba a cewa komai, don sau biyu mawaƙan coci suna roƙonsa ya riƙa taimaka musu da tafi kawai. Shagon shi ne ɗakin gaba na gidansa, kuma ƙofar shiga ɗaya ce. Duk mai son gaishe da matar gidan sai ya ratsa tsakanin akwatuna, ya tsallake garin katako, kafin ya kai tsakar gida.

Ba da wannan aikin ya fara ba. Kujeru da gadaje yake yi a farkon aurensu. Sai ɗansu na fari, yana da shekara huɗu, ya yi zazzaɓin kwana uku ya rasu. Uban ya ce ba wanda zai yi wa ɗansa akwati sai shi. Ya ɗauko katakon da ya yanka don teburin wata makaranta ya haɗa, matarsa ta shimfiɗa farin yadi a ciki. Da aka kwantar da yaron aka rufe, ya ɗauki guduma, ya ɗora ƙusa a bakin murfin, sai hannun ya ƙi. Ya daɗe a tsaye a haka mutane suna kallonsa. Mahaifiyarsa, tsohuwa ce da ba ta iya karatu ba amma ba ta fashin sujada, ta taso ta karɓe gudumar daga hannunsa.

"Ajiye wannan," ta ce. "An riga an buga wa Yesu ƙusa saboda yaron nan, ba a bukatar taka. Shi da aka buga wa bai zauna a kabari ba, jikana ma ba zai zauna ba."

Sai ya fiƙe 'yan turaku huɗu na itace, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, ya huda gefen akwatin ya zura su, murfin ya zauna daram. Waɗanda suka gani suka riƙe abin a ransu. Da aka yi rasuwa a gidan maƙwabci, wurinsa aka zo, daga nan kuma na gaba, har kujeru da gadaje suka ja da baya. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana yi, matarsa tana ɗinka farin yadin ciki, kuma ko murfi ɗaya bai taɓa buga wa ƙusa ba. Wani lokaci dangin mamaci sukan ce abin bai yi kama da rufewa ba. Sai ya ce, "Murfin da za a buɗe wata rana, mene ne na wahalar da shi? Ga guduma can a rataye, mai so ya buga, amma ba da hannuna ba." Da wuya ka ga wanda ya miƙa hannu ya ɗauka.

Duk shekara, ranar Juma'ar da ake tuna gicciye, ba ya taɓa guduma ko da ƙafar kujera ce ta cire. Zama yake yi shiru a ƙofar shago, abin da ba halinsa ba. Amma ran Lahadin tashin Yesu da safe mawaƙa sun san sai haƙuri, don a ranar ba mai iya tsayar da shi a kan tafi.

'Ya'yansu uku suka rayu. Biyu sun yi aure a wasu garuruwa, saura Auta, wadda take sayar da magani a wani kanti kusa da tasha. Yarinya ce mai hankali da fara'a, amma sana'ar uban ta korar mata manema biyu. Na farkon ma ko zama bai yi ba. Yana shigowa ya ga akwatuna bakwai a jere, sai ya ce bari ya ɗauko wayarsa a mota, alhali da ƙafa ya zo. Har yau ba a sake ganinsa ba.

Na ukun malamin makaranta ne, Ticha ake ce masa, shi kuwa ko a jikinsa. Yakan zauna a shagon ya riƙe wa tsohon bakin katako suna hira. Matsalar ita ce mahaifiyarsa. Tun da mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce ba ta ƙara zuwa jana'iza ba, ko motar gawa ta hango sai ta canja hanya. Ticha shi kaɗai gare ta, kuma ya faɗa wa Auta gaskiya: idan uwarsa ta ce a'a, ba zai iya tsallake maganarta ba. Abin da uwar ta sani kawai shi ne uban yarinyar kafinta ne. Ga shi ran Asabar za ta zo da ƙaninta, kawun Ticha, su ga gida su san iyaye.

Ran Alhamis Auta ta kawo wa babanta ruwa a shago, ta tsaya tana wasa da gefen mayafinta.

"Baba, ina da roƙo."

"Faɗi, Autata."

"Akwatunan nan, a shigar da su ciki. Na rana ɗaya kawai. Idan Mama ta saba da mu, a hankali sai a gaya mata."

Ya ajiye kofin bai sha ba. Maganar ta soke shi. "Kunyata kike ji?"

"Ba kunya ba ce, Baba, tsoro ne. Wannan ɗin ina son shi. In ya tafi ban san yadda zan yi ba."

Ya dube ta, idonta ya cika da hawaye. Shi a ganinsa ɓoye akwati ɗaya yake da ɓoye abin da ya gaskata, don bai taɓa ɗaukar akwatunan nan abin tsoro ba. Amma 'yarsa ce, kuma ya ga yadda ta rame bayan tafiyar na biyu. Matarsa daga bakin ƙofa ta ce, "Baban Auta, rana ɗaya ce fa." Ya sosa sanƙonsa ya ce to, ransa dai ba daɗi.

Ran Juma'a aka wuni ana jigila. Akwati shida suka shiga ɗakin kwana, aka ɗora wani kan wani har suka kusa taɓa rufi. Na bakwai ne ya ce bai san zancen ba. An juya shi ta kai, an juya shi ta gefe, an ɗaga shi tsaye, ƙofar ciki ta ƙi karɓarsa.

Wannan akwatin yana da mai shi, kuma mai shi yana nan da ransa. Wani tsohon direban babbar mota ne, ƙato na gaske, wanda shekara biyu da suka wuce ya kwanta asibiti har likitoci suka ce a kira dangi. 'Ya'yansa suka zo da awonsa, Sai-an-tashi ya haɗa akwati mafi girma da ya taɓa yi. Kwana biyu bayan haka Direba ya buɗe ido ya ce a ba shi shayi. Da ya ji labarin akwatin ya yi dariya har da tari, ya ce kada a kuskura a ba wani, nasa ne, a ajiye masa. Tun daga nan duk Asabar da hantsi sai ya dogara sandarsa ya zo ya duba shi, wai ya zo ganin ɗakinsa.

Matar gida ce ta kawo dabara. Aka tura akwatin jikin bango, aka lulluɓe shi da babban zanen gado mai furanni, aka jera matasai uku a kai, sai ga doguwar kujera ta fito. Aka share shagon tas, aka kawo tebur da kujeru biyu, ya koma falo. Allon da ke rataye a waje, mai rubutun ANA YIN AKWATIN GAWA A NAN, Auta ta sauko da shi, ta rasa inda za ta kai, ta ɗaga murfin akwatin ta zura shi ciki. Komai sun tuna. Abu ɗaya suka manta, su ukun duka: gobe Asabar ce, ranar Direba.

Baƙi suka iso da hantsi. Mahaifiyar Ticha doguwa ce siririya, mai tabarau, ba ta da yawan magana. Kawu kuwa mai tumbi ne da babbar riga, yana shigowa ya hango doguwar kujera ya ce nan ya dace da shi, ya ja yayarsa suka zauna a kai. Sai-an-tashi ya saci kallon matarsa. Aka gaisa, aka yi addu'a, Auta ta kawo shayi da biskit.

"Aikinku ne wannan?" Kawu ya tambaya, yana bubbuga gefen abin da yake zaune a kai.

"Aikina ne."

"Kai, akwai ƙwari! Irin wannan mutum zai miƙe a kai ya manta da duniya."

Ticha ya ƙware da shayi. Matar gida ta dubi rufi kamar mai neman inda yake yoyo. Sai-an-tashi ya ce, "Haka masu amfani da shi suke yi," ya kuma roƙi Allah gafara a zuciyarsa.

Hira ta fara daɗi. Mahaifiyar Ticha ta tambayi Auta aikinta, ta yaba da amsar, har ta ɗan yi murmushi. Ana cikin haka aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a bakin ƙofa, sai wata murya da ta cika layi.

"Sai-an-tashi! Na zo ganin ɗakina!"

Direba ya cika ƙofar da jikinsa. Ya dubi hagu ya dubi dama. "A'a! Ina aka kwashe maƙwabtana?"

Sai-an-tashi ya yi ta ƙifta masa ido. Direba ya matso ya leƙa fuskarsa. "Me ya faɗa maka a ido? Garin katako ne? Auta, zo ki hura wa babanki." Sai ya juya ya hango zanen gado mai furanni, ya gane tsawon ya gane faɗin, fuskarsa ta washe. "Au, ga shi nan ashe, har kwalliya aka yi masa. Bayin Allah, sannunku da zuwa. Ranka ya daɗe, ɗan sassauta wa gefen nan, nan kaina zai kwanta."

"Kan wa?" in ji Kawu.

"Kaina mana. Ai akwatina kuke zaune a kai."

Ba a san mai tumbi yana da irin wannan sauri ba. Kawu ya yi tsalle ɗaya, kofi ya yi nasa wuri, yayarsa ma ta miƙe ba shiri. Zanen gadon ya naɗe a ƙafar Kawu ya biyo shi, matasai suka zube, murfin da ba abin da ya riƙe shi ya zame gefe. Ga farin yadi a shimfiɗe, ga allo kwance a kai, rubutunsa yana kallon kowa.

Kawu ya riga ya kai ƙofa da takalmi ɗaya. Sai-an-tashi ya dubi 'yarsa, ya ga ta ƙame tana kallon ƙasa, ya san abin da take tsoro ya iso. Ya miƙe ya haɗa hannuwansa.

"Mama, ku gafarce mu. Ba kujeru nake yi ba. Abin da kuka gani a allon nan, shi ne sana'ata."

"Ni na sa shi ya ɓoye," Auta ta ce. "Babana bai so ba. Laifina ne."

Mahaifiyar Ticha kuwa ba ta nufi ƙofa ba. Idonta yana kan wasu 'yan itatuwa huɗu da aka ɗaure da zare a jikin farin yadin. "Waɗannan fa, na mene ne?"

Direba, wanda sai yanzu ya fara gane ya yi ɓarna, ya yi saurin amsawa ko zai gyara. "Makullin ɗakina ke nan, Mama. Da su ake rufewa. Ai mutumin nan ba ya buga wa murfi ƙusa, kowa ya sani."

"Ba ƙusa?"

"Ko ɗaya."

Ta lalubi kujera ta gaske ta zauna. Ta cire tabarau ta riƙe a cinya. "Ƙusa goma sha biyu aka buga wa akwatin maigidana," ta ce. "Ina tsaye, na ƙirga. Shekara shida ke nan, ko maƙwabci ne yake kafa hoto a bango sai na toshe kunne. Ina zuwa coci, ina faɗa da bakina cewa matattu za su tashi. Amma ƙarar gudumar nan ta fi muryata ƙarfi."

Ticha ya dubi uwarsa da mamaki, don bai taɓa jin wannan daga bakinta ba. Sai-an-tashi ya jawo ɗan benci ya zauna a gabanta. Ya ba ta labarin ɗansa na fari, da hannun da ya ƙi, da abin da tsohuwarsa ta faɗa. Ta saurara har ƙarshe.

"Naku ya yi sa'a," ta ce. "To nawa fa, da aka riga aka buga wa?"

"Mama, ni ba don matattu na daina ba. Su ba ruwansu. Don mu ne, masu tsayawa a gefe muna ji. Ranar da aka gicciye Ubangijinmu ma akwai mata a tsaye, sun ji ƙarar guduma da kunnensu, suka koma gida suna cewa shi ke nan. Aka ƙara da ƙaton dutse a bakin kabari, aka sa masu gadi. Da Lahadi ta zo, wanne ne a ciki ya hana? Wanda ƙusa ba ta iya riƙe shi ba, ranar da zai kira maigidanku ba zai tsaya neman abin cire ƙusa ba." Sai kafintan cikinsa ya motsa. "Kuma ni na san ƙusoshin da ake sayarwa yanzu. Shekara shida a ƙasa? Tuni tsatsa ta gama da su."

Dariya ta suɓuce mata, hawaye kuma suka biyo ta, ta rasa wanne za ta tsayar. Matar gida ta matso ta dafa kafaɗarta, ta bar ta ta yi mai isarta. Direba ya fyace hanci da ƙarar da ta sa Kawu ya sake zabura a bakin ƙofa.

Da ta share fuska ta mai da tabarau, sai ta koma matar nan mai kaifin ido. "Su maƙwabtan da bawan Allahn nan yake tambaya, suna ina?"

"Ɗakin kwana, guda shida," in ji matar gida.

"Ku kuma fa?"

"A tsakar gida muka shimfiɗa tabarma."

Ta girgiza kai, ta kira Auta da hannu. Yarinyar ta zo ta durƙusa. "'Yata, na ga tsoro ne ya sa ki, kuma tsorona ne kika ji, don haka rabin laifin nawa ne. Amma uba irin wannan ba a rufe shi da zanen gado. Ba zan yi maganar aure a falon aro ba. A mai da shago shago, sannan mu zauna mu sa rana." Ta juya wajen ƙofa. "Kai kuma nemo takalminka ka zo ka kama musu."

Abin da aka wuni ana shigarwa, cikin rabin awa aka fito da shi. Ticha yana gaba, Kawu yana baya yana kawar da kai yana addu'a a hankali, Direba yana zaune a kan nasa yana ba da umarni da sanda. Hayaniyar ta tara maƙwabta a ƙofa, ana leƙe ana tambayar ko rasuwa aka yi. Matar gida ta ce musu aure za a yi, suka ƙara rikicewa.

Sai-an-tashi aka hana shi ɗaukar komai. Yana tsaye sai ya ga Auta ta sunkuya ta ciro allon daga akwatin, ta goge shi da gefen mayafinta, ta rungume shi a ƙirji rubutun yana waje. Ta nufi ƙofa inda mutane suka cunkushe.

"Ku ba ni hanya," ta ce da ƙarfi, yadda na ƙarshen layi ma zai ji. "Allon babana zan mayar."

Ya bi ta waje. Ticha ya riƙe mata benci ta hau, ta maƙala wayar allon a mazauninta. Daɗi ya cika tsohon har ya rasa inda zai sa hannuwansa, don bai san ya daɗe yana jiran ranar da 'yarsa za ta ɗaga sana'arsa a gaban mutane ba sai da ya gani.

"Baba, ya miƙe?"

Allon ya karkace kaɗan ta hagu, kowane kafinta zai gani daga tsallaken titi.

"Ya miƙe, Autata. Sauko."

An yi auren bayan wata uku. Allon kuwa har yau a karkace yake, kuma ba wanda ya isa ya gyara shi.